Takardun Ƙarƙashin Gado

Muna zaune a unguwar Ƙurban ta Madina, a hawa na biyu, lokacin da baladiya, wato hukumar gari, ta ajiye shuɗin barmil, wata ƙatuwar ganga, a bakin layinmu, aka ce na takarda ne zalla, mota za ta riƙa zuwa tana kwashewa a sarrafa su. Na ji daɗi, domin gidan ɗalibin jami'a mai 'ya'ya 'yan makaranta, takarda ta fi tufafi yawa a cikinsa.

Na cika leda da tsofaffin littattafan rubutun yara da takardun tallan da ake cusa mana ta ƙasan ƙofa. Ina sa takalmi, maigidana Malam ya fito daga ɗaki.

"Ina za ki da wannan?"

"Barmil ɗin takarda, Malam."

"Kin duba su?"

Ya juye ledar a kan darduma, ya gyara zama kamar zai ba da darasi. Ya yi kashi uku. Masu aya ko sunan Allah za su akwatin masallaci, wannan kam ban yi musu ba. Waɗanda ba komai a jikinsu za su barmil. Na ukun ya kira su masu shubuha, ya ce a ajiye sai ya yi bincike.

A Madina kuwa wace takarda ce ba shubuha? Takardar da ake naɗo mana burodin tamis a ciki, sunan mai gidan burodin da sunan Allah ya ƙare. Kwalin dabino akwai hoton kubba. Mai gadin ginin, wani dattijo mutumin Damagaram, ya ƙara ɗaure wa Malam gindi, ya ce shi a saninsa harafin Larabci ma kansa yana da alfarma. Ranar abin da ya isa barmil daga gidanmu kwalin fanka ne, mai rubutun mutanen Sin.

Masu shubuha suka cika ƙarƙashin gado, suka haye kan firji. Abokan karatun Malam sukan zo bayan la'asar su tattauna mas'alar, in dafa shayi, su tashi ba su tsayar da magana ba, su bar min kwalin biskit, shi ma a sa shi cikin masu jiran hukunci.

Ɓera ne ya raba gardamar. Ya fara da takardun talla, ya zarce cikin kwalin da Malam ke tara babin risalarsa ta digiri, ya ci gefen shafuka. 'Yarmu ce ta gani, ta ruga tana gaya wa babanta da Larabci. Ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa. Kafin azahar ya fito da fatawa.

"Na duba. Tunda jiƙa su ake yi har harafi ya narke, babu laifi."

"Yau ka gano, Malam?"

"Ilimi da lokacinsa."

Da kansa ya sauka da buhu biyu. Ina leƙensa ta taga ya ɗaga murfin barmil, ya tsaya, ya zura hannu har kafaɗa. Ya daɗe a wurin yana ɗaga takardun maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Da ya hawo, hannunsa riƙe da leda cike.

"Mutanen layin nan ba sa dubawa," in ji shi. "Samo min wuri."