Daɓen Kwata da Buhunan Salfa

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen bazara, da misalin ƙarfe goma na safe, a kwatar da jiragen ruwa ke tsayawa a gefen Yelwa. Lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato. Akwai injiniyan da aka turo daga babban birnin jiha, da kawuna, da wani Alhaji shugaban masu lodi, da wata tsohuwa mai suyar kifi wadda kowa ke ce wa Inna. Ni na zo hutu gida, na rako kawu saboda mahaifiyata ta ce kada a bar shi ya tafi shi kaɗai.

Kawuna magini ne. Shi ya jagoranci zuba kankaren kwatar shekaru kaɗan bayan an datse kogi tafki ya cika: daɓe mai faɗi a sama, da matakala da ke gangarawa cikin ruwa. Yanzu daɓen ya fara rududdugewa, har yaro na iya haƙa shi da tsinke. Magana ta bazu a gari cewa kawu ya ci siminti, ya cika yashi. Idan injiniya ya tabbatar da haka, aikinsa ya ƙare, sunansa kuma ya riga aikin tafiya.

Injiniyan bai tambayi kowa komai ba da farko. Ƙaramar guduma ya ciro, ya gangara matakala ta can ƙasa, wadda ruwa ya janye ya bari, ya fara ƙwanƙwasawa yana saurare. Kowane bugu sai ya ba da ƙara siririya mai tsabta. Haka ya yi ta hawowa ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya gaji da jira. Ya ce, "Injiniya, ciwon yana ka, kai kana duba ƙafa."

"Daga ƙafar ake gane lafiyar mutum, Alhaji."

A wata kusurwa injiniya ya tsaya. Kankaren ya tsage, jan tsatsa ya zubo kamar an tofa goro. Ya ɓamɓare ɓawon, rodi ya bayyana dab da fata. Ya dubi kawu.

Kawu ya ce, "Wannan nawa ne, ranka ya daɗe. Ran da muka zuba nan katako ya goce, rodin ya matso waje. Na gani, na yi shiru."

"Kun ji ko!" in ji Alhaji. "Da bakinsa."

Injiniya ya ce wannan ciwo daban ne, gyaran yini guda ne. Sannan ya hau daɓen. A bakin-baki guduma ta yi ƙara irin ta ƙasa. Taku uku zuwa tsakiya sai sautin ya mutu, kamar ana dukan buhun gari. Ya ɗebo garin a tafin hannu, fari-fari ne, tsakuwa na zamewa daga cikinsa. Ya karɓi gawayi a murhun Inna, ya riƙa bugu yana jan layi duk inda sauti ya sauya. Da ya gama, abin da ya fito a ƙasa murabba'i ne mai kusurwa huɗu, kamar an auna da igiya.

Ya ce, "Baba magini, rana ɗaya kuka zuba daɓen nan?"

"Rana ɗaya, kwaɓi ɗaya."

"To wanda ya rage siminti ba ya iya rage shi a tsakiya kaɗai. Ruwan tafki yana hawowa nan?"

Inna ce ta amsa daga bayan kaskonta. "Ko shekarar da ya ci rumfata bai taɓa nan ba, ɗana. Amma in kana son abin mamaki, leƙa bayan bango ka ga ciyawa. Awakina ba su da wurin kiwo sai nan."

Muka leƙa. Daidai inda ruwan sama ke zurarewa daga daɓen, ciyawa ta yi tsayi, koriya shar har da duhu-duhu, alhali ta gefenta ba ta wuce idon sawu ba.

Injiniya ya waiwayi daɓen, ya ce, "Me ake ajiyewa a nan?"

Inna ta juya kifinta, ta ce, "Alhaji, mi ad dalilin shiru? Ba kai ka tara takin masu albasa nan duk shekara ba?"

Takin zamani ne, farin nan mai kama da gishiri da ake kira salfa. Ana jibge buhunansa a daɓen makonni kafin jirage su kai wa manoman tsibirai da na tsallake. Wasu buhunan a yage suke, ruwan farko kuma a kansu yake sauka. Injiniya ya bayyana cewa idan wannan taki ya narke ya shiga kankare, yana cin abin da ke riƙe yashi da tsakuwa, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ya ce zai tafi da ɓarɓashin a gwada, amma ba ya shakka.

Alhaji ya ce, "To ni ina na sani? Wuri na nema busasshe, inda ruwa ba ya zuwa."

Gaskiya ya faɗa. Dukanmu mutanen bakin ruwa ne, mun saba tuhumar ruwa a kan duk abin da ya lalace, in ruwa ya kuɓuta sai mu tuhumi mutum. Ba wanda ya zaci abin da ke sa albasa girma zai ci kankare. Na daɗe kuma ina tunanin yadda kawu ya amsa laifin kusurwar nan tun kafin ya san inda binciken zai tsaya.

A hanyarmu ta komawa bai ce komai a kan Alhaji ba. Tambayata kawai ya yi ko na lura da yadda injiniyan ke riƙe guduma.

Rahoto ya iso bayan an fara shuka. Aka mayar da takin wata rumfar kwano mai dandamalin katako, aka fasa tsakiyar daɓen aka sake zubawa. Kawu aka ba aikin, kuma da kusurwar ya fara.