Khala Kulu, Wadda Ta Hana Inna Hutawa

Da an sallame sallar asuba a unguwar Ammariyya ta Jidda, Khala Kulu (khala ita ce gwaggo a Larabcin nan) za ta ɗaure takalminta na 'yan ƙwallo, ta zura abaya, ta ɗauki gorar ruwa, ta fara bin gidaje. Ba ta danna ƙararrawa. Da tafin hannu take dukan ƙofa tana cewa, "Yalla, a fito tun rana ba ta yi zafi ba!" Kafin Abdulghani mai gasa burodin tamis ya buɗe shagonsa, ta tara tsofaffin mata tara ko goma, masu sanda da masu haki, ta sa su a gaba.

Shekarunta sittin da bakwai. Ashirin da takwas daga ciki ta yi su ne tana shara da goge-goge a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a unguwar Madain Fahd. Ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Tana dai goge ƙasa tana kallon yadda ake tayar da masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki. Abu ɗaya ta ce ta gani ya maimaita kansa: wanda aka matsa wa ya tashi yakan fita da ƙafarsa, wanda aka lallaɓa yakan fita a keke.

Ni shaida ce, domin mu ma lallaɓawar muka yi. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyarmu, Inna Saudatu, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Bayan an yi mata aiki likita ya ce ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sankare ta daina ɗaukarta. Muka ce to. Muna isowa gida ƙanena Mazen ya sayo keken guragu mai tsada, ni kuma na hana ta ko ɗauko kofin ruwa. Da ta motsa sai mu ce, "Inna, ki huta." Mu a ganinmu biyayya ce. Ai abin kunya ne a ce tsohuwa tana da 'ya'ya kuma a gan ta tana ɗingishi a titi.

Wata uku Inna tana hutawa. Ta rame, ta daina tsokanar jikoki, ta ma daina zancen Umara, ita da ba ta taɓa bari azumi ya wuce ba ta je Makka ta yi ɗawafi da ƙafarta ba.

Khala Kulu ta zo dubiya. Ta dubi keken, ta dube ni.

"Ke Fauziyya, wa ya ce ta huta?"

"Khala, ai ta gaji ne."

"Da me ta gaji? Da zama? Halas, magana ta ƙare, gobe da safe zan zo in ɗauke ta."

Mazen, wanda haifaffen Jidda ne kuma Hausarsa sai an tallafa mata, ya ce, "La ya Khala, haram, Ummi ba ƙarfi." Ta ce, "Ƙarfin ne za mu je mu nemo."

Dabararta ita ce ta riga ta auna layinmu da taku. Daga shagon mai tamis zuwa ƙofar masallaci, ta ce, kusan tsawon Safa zuwa Marwa ne. Don haka ba ta ce wa tsofaffi su zo motsa jiki, don ta san dariya za su yi mata. Tambayarsu take: "Hajiya, zuwa nawa kike iyawa cikin bakwai? Ko a keke za a tura ki bana?" Babu tsohuwar da ke jure wannan tambaya. Wani malami ya taɓa yi mata magana cewa kada a mai da layi wurin ibada. Ta ce, "Ba ibada muke ba, Malam, shirin ibada muke." Bayan sati guda ya turo matarsa.

Ranar farko Inna taku ashirin ta yi, tana kuka tana zagin Khala Kulu. Ni ma na yi kuka, na ji kamar in ƙwace ta. Wata biyu kafin ta kai ƙofar masallaci sau ɗaya. Khala Kulu ba ta fasa zuwa ko rana guda ba, ba ta kuma karɓi ko riyal ɗaya ba.

A azumin da ya wuce muka je Umara. A Safa masu tura keke suka taso wa Inna, ta ɗaga musu hannu alamar ba ta so. Ta yi bakwai ɗin nan da ƙafarta, tana tsayawa tana dafa kafaɗata. Da muka kai Marwa a zuwa na ƙarshe, abin da ta fara faɗa shi ne, "Ki kira min Kulu ki ce mata bakwai."

Khala Kulu, ke ce kika dawo mana da uwarmu bayan mun kusa kwantar da ita da sunan tausayi. Ke ce marar takardar shaida da kika gyara abin da mu masu boko muka ɓata. Ƙarshen watan nan iƙamarki, takardar izinin zama, za ta ƙare, kafilinki da ke tsaya miki ya ce shekaru sun ja, za ki koma Gusau. Wallahi ina jin zafin tafiyar nan. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya bar miki ƙafafunki har ƙarshen rayuwa.

Ku kuma masu tsofaffi a gida, ku rage faɗin "ki huta". Ku riƙe musu hannu ku fita da su, ko da zuwa bakin layi ne.

Mun yi ta tunanin wa zai riƙa bin ƙofofi in ta tafi. Jiya bayan asuba na ɗan koma na kwanta, sai na ji ana dukan ƙofar ɗakina da tafin hannu. Inna ce, da takalmin 'yan ƙwallo a ƙafarta. Na ce, "Inna, yau na gaji, bari in ɗan huta."

Ta ce, "Da me kika gaji? Yalla, tashi."