Masu Karatun Maigidana

Shekarun da muka yi a Haɗeja bayan babban farin nan, maigidana ba shi da wurin zuwa da safe da ya wuce gidan waya. Malamin jami'a ne, an turo shi binciken kifin fadama, ya buga abin da ya gano a wata mujalla ta Turanci. A zamanin, wanda ya karanta aikinka ya ji daɗinsa yakan aiko maka da ɗan kati yana roƙon kwafi, kuma irin wannan shaida jami'a ke nema kafin ta ƙara wa mutum girma. Shi ko kati ɗaya bai taɓa samu ba. Nakan tsokane shi in ce ya ba ni takardun in kai wa mai ƙosai, ko ita ta amfana. Yakan yi dariyar yaƙe, amma abin yana cin sa, har abinci ya rage.

Abin da ya rubuta a kai wani gurbi ne mai zurfi a bayan wani ƙauye na wajen Guri. In ruwa ya janye da rani, nan kifi ke taruwa, daga nan yake sake cika fadama da damina. Mutanen ƙauyen ba sa kamun kifi a wurin, ba sa nuna shi da yatsa, ba sa faɗa wa baƙo. Amma a al'adarsu wanda ya yi damina yana cin tuwo ƙwarya ɗaya da ku ya tashi daga baƙo, saboda haka sarkin ruwa ya kai shi da kansa. Maigidana ya zana taswira, ya ɗauki hoton tsohon, ya sa duka a mujalla don a san darajar wurin a kiyaye shi.

Da aka kira shi zaman ƙarin girma, ya ce mu je ƙauyen tukuna ya kai musu kwafi, ko su su gani.

Da rana tsaka muka isa bakin gurbin. Ya sha ba ni labarin wurin, wai kukan kwaɗi da na dinya ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Ranar ba abin da ke motsi. Ba balbela, ba zalɓe, ko sauro babu. Ruwan ya yi garau har kana hango ƙasa, babu komai a ciki sai inuwarmu. Mai kwalekwalen da ya kawo mu ya ƙi sa filafilinsa a ciki, ya juya mana baya. Tsoro ya kama ni, na riƙe hannun rigar maigidana kamar yarinya a kasuwa.

A ƙauye muka tarar sarkin ruwa ya rasu. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa. Maigidana ya miƙa mata mujallar, yana cewa cikin jin kunya ai ba wanda ya karanta.

Ba ta karɓa ba. Ta dubi hoton mijinta daga nesa.

"Ɗana, an karanta," in ji ta. "Bara waccan wasu suka zo da mota da gwangwanayen magani, wannan takarda a hannunsu. Ba su tambayi kowa hanya ba. Da hoton suka gane malam, har suka gaishe shi da sarautarsa. Suka zuba, kifi ya taso fari fat, suka kwashe. Tun daga ranar malam bai ƙara zuwa bakin ruwa ba."

Ba ta ɗaga murya ba, har kuka da daddawa ta ƙulla mana da za mu tafi. Da zagin mu ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Muka kamo hanya muka dawo gida. Washegari bai je gidan waya ba, ni ma ban sake yi masa maganar mai ƙosai ba.

Da ya dawo daga zaman jami'a na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce sun tambaye shi ko yana da shaidar wani ya taɓa amfani da aikinsa.

"Me ka ce musu?"

Ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa.

"Na ce babu."