Yajin Inna da Kazar Kan Gwangwani

A lokacin kullen korona na koyi gashin kaza, a ɗan tsakar gidanmu na unguwar Ain Khaled, a ƙasar Larabawan da nake zaune. Babu wurin zuwa, masallatai ma a rufe, ga ni kuma da baki irin na mutumin Zariya wanda ya saba da tsayawa wurin mai tsire. Maƙwabcina, wani injiniya ɗan Afirka ta Kudu, shi ya nuna mini dabarar ta saman katanga, kowa da takunkuminsa. A buɗe gwangwanin giya, a rage rabi, a zaunar da kaza sukutum a kansa, a sa a gefen garwashi a rufe. Tururin ne yake shiga cikinta ya hana naman bushewa. Na ce masa giya kam ba za ta shigo gidana ba, ko da a cikin kaza. Na sayo malt marar barasa a shagon bakin layi, kuma ya yi aikin tsaf.

Abin da maƙwabcin nan ba shi da shi shi ne yajin Inna. Duk wanda zai taso daga gida, sai mahaifiyarmu ta ba shi robar yaji ya kawo mini, mai ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari. Nakan kwaɓa shi da man gyaɗa, in cusa a ƙarƙashin fata, in bar kazar ta kwana a firij. In ta hau wuta, har direbobin da ke wucewa sai sun rage gudu.

Robar ƙarshe ta iso ana dab da rufe filayen jirgi. A cikin kullen nan Allah ya yi wa Inna rasuwa. Ban samu jana'iza ba, ta waya aka yi ta yi mini gaisuwa. Daga ranar na daina taɓa yajin, na tura robar can wurin ƙanƙara na koma sayen na kanti. Da hanya ta buɗe na je gida na ziyarci kabari, amma ban iya yi wa kowa zancen yaji ba. Matata takan yi mini tsiya wai na mai da yaji kayan gado. Gaskiyarta ce. Tsoro nake ji ya ƙare, don in ya ƙare babu sauran abin da hannun Inna ya taɓa a gidana.

Da gasar kofin duniya ta zo ƙasar da muke zaune, babban wanmu, malamin makaranta mai ritaya kuma mayen ƙwallo, ya ce ko Najeriya ba ta zuwa shi zai zo. Ya iso da tsarabar ƙuli-ƙuli da daddawa, bai ko huta ba ya ce yana son ya ci kazar nan da yake gani a hoto.

Matata ta ja ni kicin. "In ba ka ba Yaya yajin nan ba, wa za ka ba?"

Na ciro robar. Abin da ya rage da ƙyar zai ishi kaza ɗaya. Na kankare shi tas da cokali, raina ba daɗi.

Washegari bayan la'asar muka shimfiɗa darduma a waje. Garin ya yi sanyi-sanyi, motocin magoya baya suna ta hon a titi. Yaya ya ɗaga murfin abin gashin, ya ga kaza a zaune ƙiƙam da fukafukai a gefe.

"Wannan kaza ce ko mai jiran likita? Me ke cikin gwangwanin?"

"Malt ne, Yaya."

Bai yarda ba sai da ya sa tabarau ya karanta rubutun wani gwangwanin irinsa da ke kan tire.

Kazar ta yi yadda nake so, fata ta yi ja, nama yana barin ƙashi da kansa. Na yago masa cinya, na ce, "Yajin Inna ne. Na ƙarshe ke nan."

Ya tauna a hankali. "Citta ta yi yawa," in ji shi. "Tun ranar na gaya mata, ta ce in yi aikina in yi shiru."

"Wace rana kuma, Yaya?" na ce. "Ba Inna ce ke dakawa ba?"

"Kai, ina Inna ina taɓarya? Tun da kafaɗarta ta fara ciwo ba ta ƙara daka ba. Injin niƙa kuwa ta ce yana kashe ƙamshi. Ni nake daka maka, tana zaune tana cewa ƙara wannan, rage wancan. Sai na sa an rufe zaure, kar ɗalibaina su gan ni."

Na yi ta dariya har hawaye suka zo, ban kuma tare su ba. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka, na ci kazar nan da daɗi, har na suɗe yatsu.

Da muka wanke hannu, Yaya ya waiwayi matata. "Kuna da turmi a garin nan, ko sai inji?"

Ta kawo ɗan ƙaramin turminta da kayan ƙamshi da ƙulin da ya zo da shi. Ya naɗe hannun riga, ya nuna mini wuri kusa da shi.

"Matso ka gani da kyau," ya ce. "Ni ma ba zama na zo yi a duniya ba."

Na matsa, ya miƙo mini cittar ya ce in auna da hannuna.