Yadda Malam Shitu Ya Ƙi Daina Girma

Malam Shitu manomin masara ne a Tsiga, siriri, mai bakin tsokana. Har ya haura arba'in ba wanda ya taɓa ce masa ƙato. Sai wata Sallah hularsa ta ƙi shiga kansa. Ya ce matarsa Tasalla ce ta wanke ta da ruwan zafi.

Ta ce, "Malam, takalman fa? Su ban wanke ba, ga su can sun ƙi ka."

A hankali hannuwansa suka yi faɗi kamar faifai, haɓa ta turo gaba, haƙora suka rarrabu, murya ta koma ta tirela. Ga ciwon kai kullum. Abokan hirarsa suka ce takin zamani yake damawa a koko. Wani malami ya ce aljana ce mai son manyan maza, ya haɗa shi da hayaƙi.

Ƙaramin asibitin da yake zuwa kuwa gwajin maleriya da taifot kawai suke da shi. Don haka duk zuwan da ya yi, sai a ce ɗayarsu ce ke damunsa, wani lokacin duka biyun. Ya sha ƙwayoyi har ya gaji.

Wata rana ya raka Tasalla asibiti a Funtua saboda hawan jini. Likitar, Dakta Zakiyya, ta bar mara lafiya ta tsura wa hannunsa ido.

"Malam, haka aka haife ka?"

"Likita, da haka aka haife ni, ai da gyatumata ba ta kai labari ba."

Ta yi dariya, ta yi masa tambayoyi, ta ce ta taɓa karanta irin wannan amma ba ta taɓa gani ba. Ta tura shi Zariya a ɗauki hoton kansa. Can aka ga ɗan ƙari kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke ta sa jiki girma. Ya sayar da bijiminsa, aka ciro abin ta hanci. Ciwon kai ya tafi, girman ya tsaya inda ya kai.

Tun daga nan Shitu ya naɗa kansa likita. Duk wanda ya miƙo masa hannu a kasuwar Bakori sai ya juya shi ya duba. Ya taɓa tare wani ƙaton Alhaji, dillalin hatsi, ya ce masa lallai ya je Zariya.

Alhajin ya fizge hannunsa ya ce, "Bawan Allah, ni nawa tuwo ne. Masarar za ka sayar ko in wuce?"