Gwangwanayen Malama Saratu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminiyata Malama Saratu, wadda ta koyar a makarantar yara masu jinkirin fahimta a nan Bauchi. Allah Ya jiƙanta. Ina kewarta ƙwarai, amma da wuya in tuna ta ban yi dariya ba.

'Yata Ummi ce sanadin haɗuwarmu. Tana shekara goma shugaban makarantar ya ce za a sallame ta a ƙarshen zango, wai ihunta da cizon hannunta sun hana ajin sakat. Saratu ta roƙi a ba ta wata guda ta auna abin tukuna. A lokacin tana fama da wata takarda da ta tsara da kanta, mai tambayoyi a kan halin yaro, iyaye su zaɓi "babu", "wani lokaci" ko "kullum". Ta bi mu gida-gida daga Fadaman Mada har Inkil. Duk uwar da ta tambaya ko ɗanta yana duka, sai ta ce alhamdulillahi, da sauƙi. Ni ma haka na ce, alhali hannun Ummi duk shatin haƙori ne. Wace uwa ce za ta kai ƙarar ɗanta wurin baƙuwa? Saratu ta duba takardunta ta ce ashe duk waliyyai muka haifa.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ta raba wa kowace uwa gwangwanin madara biyar, ɗaya na kowace salla. Ta ce ba sai mun faɗi komai ba, in yaro ya yi ihu ko cizo a jefa ƙwayar gyaɗa a gwangwanin lokacin. Makon farko ta tarar da nawa fayau, har ta fara murna, ashe ƙannen Ummi ne suka cinye sakamakon binciken. Aka koma tsakuwa.

Da tsakuwar ta taru, sai ga gwangwanina na Azahar ya cika a ranakun da babu makaranta, sauran kuwa kusan wayam. Lokacin ne maƙwabcinmu yake tada injin markaɗe. Saratu ta koma aji ta ga kujerar Ummi tana jikin tagar da janareta yake. Ta kwashi gwangwanayen ta jera a teburin shugaba.

"Malam, yarinyar nan ba kullum take yi ba," in ji ta. "Ƙarar inji ce ba ta iya ɗauka."

Aka canza mata wurin zama, aka riƙa sa mata auduga a kunne.

Yanzu na ga matasan malamai suna cike irin wannan awo a waya, su latsa maki ya fito. Na san da Saratu tana nan za ta yaba, sannan ta tambaye su ko uwar ta faɗa musu gaskiya, ko kuwa kunya ce ta amsa. Kowa ya ba ka amsa a tsaye bakin ƙofa, ladabi ya yi maka.

Ba ta bar littafi da sunanta ba, takardar ma ban san hannun wa ta faɗa ba. Abin da na sani, Ummi ta kammala makarantar, yau tana ɗinkin hula da allura a gida, masu saye har jira suke yi. Jiya na gaya mata ina rubutu a kan Malamarta, na tambaye ta abin da take so in saka. Ta daɗe tana tunani, zare a baki, sannan ta ce:

"Umma, ki rubuta ba a kore ni ba."