Mai Makulli da Tsohuwar Ƙarƙashin Tebur

Kowace safiya, kafin ta taɓa kofin shayi, matar da abokan aiki ke kira Mai Makulli takan durƙusa ƙarƙashin teburinta ta kunna wata tsohuwar na'ura mai launin toka. Sai ta kasa kunne har fankar ciki ta fara tari. Mijinta ya sha yi mata tsiya: "Hajiya, ko ni ba kya jiran tashina haka."

Aikinta can cikin zuciyar babbar manhajar kwamfuta yake, inda mai danna allo ba ya leƙawa. Ƙwaƙwalwar na'ura an yanka ta shafi-shafi, akwai kuma jadawalin da ke faɗin shafin da za a karanta kawai da wanda za a iya yi wa rubutu. Matsalar ita ce kowane irin inji da halinsa. Makullin da ya rufe ƙofa a wannan, a wancan sai ya zama ado. Ita ke tabbatar da dokar ta yi aiki ko'ina, har a kan injin da aka daina yayinsa, kamar tsohuwar ƙarƙashin teburinta, wanda har yau ake samun irinsa cikin kwalaben ɗumama jarirai bakwaini.

Dogo, abokin aikinta da ke teburin bakin taga, shaida ne. Ya taɓa rubuta gyaran da ke kulle wasu shafuka, ya gwada a sababbin injina, komai lafiya lau.

"Yaya, a tura kawai," in ji shi.

"Tsohuwa ba ta gani ba tukuna," in ji ta, tana nuna na'urar ƙarƙashin tebur.

Da ta gwada, tsohuwa ta bar rubutu ya shiga shafin da aka kulle. Ashe ita takan riƙe tsohon izini a kanta, sai an ce mata ta manta, kamar mai gadin da aka sauya doka ba a gaya masa ba. Layi ɗaya suka ƙara. Dogo ya ce ranar ko abincin rana bai iya haɗiya ba, don ɗansa na fari a irin wannan kwalba ya yi kwanakinsa na farko.

Ke ce, Mai Makulli, kika tsare ƙofar da ba wanda ya san akwai ta. In aikinki ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, shi ya sa ba a taɓa tafa miki ba.

Bana idonta ya fara gajiya, likita ya ce ta ajiye aiki. Nan hankalinta ya tashi, domin ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce injin da ba shi da mai kula, cire shi ake yi daga manhajar, gyara ya daina isa gare shi. Ta yi cigiyar magaji a zauren tattaunawar masu sana'ar, kowa ya sunkuyar da kai. Wa ke son gadon wahala? Ta rame, tana ta jan ranar tafiya.

Ranar sallama, ana cikin jawabai, aka nemi Dogo aka rasa. Sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin teburin, ƙura har gira, rungume da tsohuwa.

"Kada ka karkata ta!" Abin da Mai Makulli ta iya faɗa ke nan.

Mun gode, Yaya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma masu tasowa, akwai sauran tsofaffin injina da ba su da Dogo, ku duba ƙarƙashin teburanku.

Washegari da safe ta kira Dogo a waya. "Ta tashi?"

Ya kara wayar a jikin na'urar, shiru ya yi tsawo, Mai Makulli ta dafe ƙirji. Can sai fanka ta yi tari. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki shayinta.